Auta Ta Zaga Ƙasa, Ta Bar Baba a Tsakar Gida

Tun da ciwon suga ya cinye idanun Baba Direba, duniyarsa ta dawo daga ɗaki zuwa kujerar tsakar gida. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan babbar mota, babu lungun ƙasar da tayarsa ba ta taka ba, yau sai an riƙe masa hannu yake kaiwa bakin ƙofa. Matarsa ta rasu tun 'yarsu Auta tana goye. Yanzu daga shi sai Auta, wadda ke aiki a shagon sayar da magani, sai kuma rediyonsa.

A rediyon ya ji cewa ɗakin karatu na garin ya sa gasa: a karanta littafi ɗaya daga kowane yanki na ƙasar, wanda labarinsa ya faru a can. Duk wanda ya gama kafin ƙarshen shekara za a faɗi sunansa.

"Auta, je ki rubuta mu," in ji shi. "Ke ce ido, ni ne ɗan jagora. Ga tafiya ba shan mai, ba faci."

Ta yi dariya, ta aro littafin farko, na mutanen bakin teku. Sai dai karatu da Baba ba ya sauri. Kafin ta kai ƙarshen shafi ya katse ta. "Tsaya! Na san gadar nan. A kanta birki ya taɓa ƙwace mini, ina ɗauke da buhunan gishiri." Shi ke nan an shiga labari, har shayinsa ya huce.

Ran nan ta dawo a gajiye. "Haba Baba! Ko dai in karanta, ko ka ba da labarinka. Sauran 'yan gasar duk sun yi mini nisa."

"Yi haƙuri, uwata. Na yi shiru."

Daga ranar ta koma tafiya da littattafan zuwa shago, tana karantawa in babu masu saye. Idan ya ce, "Yau ba za mu hau hanya ba?" sai ta ce, "Gobe, Baba, kaina ke ciwo." Gobe ta zama jibi, har ya gaji ya daina tambaya.

Wata safiya tana guga yana sauraron rediyo, sai aka karanto sunayen waɗanda suka gama gasar. Har da nata.

Baba ya ce, "Ashe har kin zaga kin dawo."

"Baba, ai zan sake karanta maka daga farko."

"Allah ya yi albarka. Yankin duwatsu ma kin je?"

"Na je."

"Can ne garin mahaifiyarki. Shi nake jira mu iso, in nuna miki gidansu." Ya lalubi rediyon ya kashe.

Auta ta koma ɗakin karatu neman littafin yankin duwatsu, aka ce yana hannun wani. Kafin a dawo da shi, Baba ya yanke jiki ya faɗi a banɗaki. Ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya mutu.

A gadon asibiti ta karanta masa. Da ta iso wurin da aka kwatanta wata kasuwa a gindin dutse, sai ya damƙe hannunta, leɓensa na rawa, hawaye na gangarowa cikin kunnensa.

"Faɗa mini, Baba, ina ji. Nan ne? Wallahi ba na sauri."

Ya yi ta ƙoƙari, amma ko kalma ɗaya ba ta fita ba. Bai kai ƙarshen watan ba ya cika.

Yau Auta ta san sunan kowane kogi da kowane dutse na yankin. Amma layin da mahaifiyarta ta girma, da yadda Baba ya fara ganinta, babu sauran wanda za ta tambaya.

Jama'a, littafi yana jira a kan kantar ɗakin karatu, tsoho ba ya jira. In kana da tsoho a gida, zauna ka saurare shi yau, tun yana iya ba ka amsa.