Hannuwan da Ya Ɗaga a Asibiti

Ta same shi a ɗakin gwaje-gwajen makarantar da yake koyar da kimiyya, zoben alkawarinsu damƙe a hannunta.

"Malam, da gaske ka ce hankali bai yarda akwai Allah ba?"

Ya kawar da kai. "Abin da ba ya aunuwa, ta yaya zan gaskata shi?"

"To ranar da aka shiga da Mama tiyata, ka ɗaga hannuwa tare da mu. Wa kake roƙo?"

Ya ce, "Ba kowa. Don ke na yi."

Ta ɗora zoben a kan sikelinsa, allurar ta ɗan motsa.

"Ga abin da ke aunuwa, riƙe kayanka. Ni wawuya, a ranar tiyatar nan na ce na yi miji."