Ƙasar Leda Ta Biyu

"Wannan lafiyarta ƙalau," in ji mai gwajin ƙasa, ya ture ledar ƙasar da wata mata ta ɗebo daga lambunta. "Alayyahonki ba shi da laifi."

Ta gyara goyon ɗanta, wanda likita ya ce akwai gubar dalma a jininsa.

Ya ɗaga leda ta biyu. "Wannan kuwa dalma ce zalla, baiwar Allah. A wace bola kika kwaso ta?"

Ƙasar ƙofar ɗakinta ce, inda yaron yake wasa, inda babansa yake kakkaɓe rigar aiki kullum in ya dawo daga gyaran batir mai dalma a ciki. Ita ta kafa masa wannan doka, don kada datti ya shigo wa ɗanta ɗaki.