Tukunyar Mutanen Auyo

Sati biyu ke nan Musaddiq bai ji daga budurwarsa Adila ba, tun ranar da ya faɗa mata gaskiya cewa duk damina, idan ruwa ya ci Auyo, danginsa goma sha huɗu a gidansa suke zama. Yau sai ga ta a shagonsa na tukwane a kasuwar Haɗeja.

"Umma ta ce in zaɓi kayan kicin," ta ce, ba ta dube shi ba.

Kicin ɗin gidan wa? Ya daure ya turo mata ƙaramin saiti. "Wannan ake yayi. Ya ishi mutum biyu."

Ta ɗaga murfin, ta taɓe baki, sannan ta nuna babban saitin da ke sama.

"Sauko min da wancan."

"Adila, wannan ai na gidan taro ne."

Sai lokacin ta ɗago ido ta kalle shi. "Malam Musaddiq, ni 'yar garin Guri ce, damina uku muka yi a gidan mutane saboda ambaliya. Goma sha huɗu ka ce ko? Da ni da kai, sha shida. Sauko da shi."