Tabon Tagulla

"Baba, narkar da shi ka yi?"

Na matso kusa da shi. Bai ko ɗago daga kan injin ban-ruwa ba.

A gonarmu ta Bunkure na tono kan kibiyar nan, na tagulla, tsufa ya mayar da shi kore shar. Na bi tsofaffin maƙera, babu wanda ya san yadda aka zuba shi. Burina in kai shi jami'a, duniya ta san kakanninmu ma sun sarrafa wuta. Na ba Baba ajiya, shi da ya gaji ƙira.

"Injin ya tsage, tumatir na yaushi," ya ce. "Da me kike so in liƙe?"

"Tarihinmu ne fa, Baba! Ina zan samo wani?"

Ya ja igiya. Injin ya yi tari, ruwa ya ɓalle cikin kunyoyi.

"Wanda ya ƙera kan kibiyar nan, abincin gidansa yake nema. Yau ma aikin da ya yi ke nan."

Na tsaya ina harar tabon rawaya a jikin injin, hawaye na zuba, ruwa na ratsa ƙafafuna.