Mijin Gidan Tsallake

Beryl tana goge sikelin kifinta a bakin taga lokacin da mijin gidan tsallake ya shawo kwana, kamar kullum, yana sauri yana duba agogon hannu. Ko kallon ƙofar mashaya bai yi ba. Matarsa Yvonne ta buɗe masa, ƙofa ta rufe.

Beryl ta ja tsaki. Nata mijin, Stan, yana can bayan gari a rumfar tantabarunsa na tsere, daga nan kuma sai mashaya. Abincinsa ya huce a kan tebur har mai ya daskare.

Da sanyin bara Yvonne da mijin nata, Malcolm, suka tare a layin. A ranar wasu maza biyu suka zo da farar mota, suka kafa musu wani ɗan akwati a falo. Beryl ta ce na talabijin ne, irin mai tsadar nan. Tun daga nan idonta bai bar gidan ba.

Abin da take gani kuwa ya hana ta sakat. Malcolm ba ya hirar abokai, ba ya zuwa kallon ƙwallo. Daga wurin aiki sai gida. Da yamma yana nan a kujera ɗaya jikin bango, ya miƙe ƙafa kusa da soket, Yvonne na saƙa a gefensa. Da lokacin zafi ya shigo, mazan layi suka fito da gajeren wando da fararen ƙwauri kamar feɗaɗɗen kifi, shi yana cikin dogon wando da safa mai kauri. Kamun kai ke nan. Da Beryl ta gayyace su bikin 'yar ƙanwarta a Leeds, sai ya sunkuyar da kai ya ce a yi haƙuri, ba ya iya nisa da gida.

"Ka ji ko?" ta ce wa Stan. "Ba ya iya nisa da gida!"

"Na ji, Monita. Tun muna makaranta ke ce mai kai ƙararmu wurin malam. Yanzu layi guda kika samu."

"Da ni tantabara ce, da ka san hanyar gidan nan."

"Tantabara ba ta mita, tsohuwa," in ji shi. Ya sumbaci tsakiyar kanta, ya ɗauki hula ya fice.

Beryl ta tsufa a kasuwar kifi ta bakin teku, kuma ba a taɓa cusa mata ruɓaɓɓen kaya ba. Amma a cinikin miji tana ganin an ƙware ta. Yvonne fa! Matar da za a faɗa mata farashi ta biya ba ta ko taya ba, ita ce ta kwashi na saman kwando.

Wata rana Yvonne ta zo teburinta sayen kifi. Beryl ta daure ta tambaya.

"Ƙawata, me kike ba shi ne haka?"

"Ni?" Yvonne ta yi ɗan murmushi. "Ai ba ni ke riƙe da shi ba."

Beryl ta ɗauka fankama ce. Ta naɗe mata ɓangaren wutsiya, na jiya.

Ranar da Stan ya tafi Hull duba yayansa, Beryl ta kira wani dillali da ya daɗe yana kwaɗayin tantabarun. Ta riƙe masa wuya a ciniki har gumi ya jiƙa masa kwala. Ya kwashe su kaf, har da wata mace mai ruwan toka da Stan ke kira Gimbiya, wadda ya gaji irinta daga mahaifinsa.

Stan ya dawo, ya je rumfa, ya komo gida. Bai ɗaga murya ba. Ya rataye hularsa ya zauna.

Daga ranar bai sake fita ba. Kowace yamma yana kan kujera, hannu a gwiwa, yana kallon bango. Ba Monita, ba tsohuwa, ba sumba a ka. Idan ta ajiye abinci ya ci, idan ta yi magana ya gyaɗa kai. Beryl ta ce a ranta zai wuce. Ta yaye labule har ƙarshe don 'yan tsallake su gani da kyau.

Sai dai labulen tsallake a sauke yake.

Haƙurinta ya ƙare. Ta gasa burodi mai nama a ciki, ta sa rigarta ta zuwa coci, ta tsallaka titi kanta a sama.

Yvonne ta buɗe, idanunta a kumbure. Kujerar jikin bango ba kowa. Inda ɗan akwatin yake, sai waya na reto.

"Na zo ne in gaya miki nawa ma ya zauna," in ji Beryl.

Yvonne ta yi wata dariya marar daɗi. "Kin san kullum a bayan labulen nan nake, ina kallonki ina cizon yatsa? Naki ko ya daɗe a waje, da ƙafarsa yake dawo miki, yana fito. Ba wanda ya sa shi."

Farantin ya yi wa Beryl nauyi a hannu. "To, ina Malcolm ɗin?"

"Shekaranjiya wa'adin da alƙali ya yanke masa ya cika. Mutanen farar motar nan suka dawo suka cire na'urar sa idon da ke ɗaure a idon sawunsa, ko shayinsa bai ƙarasa ba, ya fice."