Takardar da Ladan Ya Hana a Nuna

Bari in ba ka misalin wani ladan da matarsa. Maƙoƙo ne ya fito masa a wuya, ya yi ta girma har ya shaƙe masa murya, kiran sallar da ake ji har bakin kasuwa ya koma ba ya wuce gida uku. Wata bakwai yana jiran a zo kansa a layin tiyata. Ita kuwa matar tana ajiye da wata takarda tun shekara goma sha biyu, lokacin da aka yi masa aikin hanji. A wancan karon an yi masa allurar da ke sa tsoka ta saki, wadda ake haɗawa da ta barci, jikinsa ya ƙi ta, da kyar aka ceto shi. Likita ya rubuta sunan allurar, ya ce duk ranar da za a sake sa shi barci a nuna. Da ranar ta zo, ladan ya ce mata, "Kada ki kuskura ki fito da takardar nan. Suna gani za su ce in koma gida." Nas ta tambaye shi ko akwai maganin da jikinsa ba ya so, ya ce babu. Matar ta sunkuyar da kai.

Aka shiga da shi, ta zauna a benci, takardar na ƙulle a bakin zanenta. Ta ɗauki carbi, ta kasa ja. Sau biyu tana miƙewa ta nufi ƙofa, sai ta tuna maganar mijinta ta koma ta zauna. Can sai ta ga nas ta fito a guje, ta koma da wasu likitoci biyu. A ciki jininsa ya faɗi, ƙirji ya toshe, jiki duk ya yi ruɗu-ruɗu. Ta kwance ƙullin, ta tare nas ta farko da ta fito, ta danƙa mata takardar.

An shawo kan abin, amma kwana uku ya yi inji na taya shi numfashi, maƙoƙon kuma yana nan ba a taɓa shi ba. Likita ya ce mata, "Baba, da mun ga wannan da safe, akwai wata allurar." Ta fashe da kuka. Shi ya sa Hausawa suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.