Saƙon Ambaliya Ya Maƙale

"Injiniya, ruwa ya kusa shanye gada, har yanzu saƙo bai fita ba!" Oga ya faɗa yana tsaye a kanta.

Ba ta ɗago ba. Ita ta tsara aikin a kwamfuta: ya kwaso awon kogi daga na'urorin bakin ruwa, ya haɗa da lambobin wayar mazauna unguwanni, sannan ya tura gargaɗi da kansa. Yau ya tsaya cak a tsakiya.

"Oga, don Allah ɗan matsa, ka tsare min numfashi."

Ta bi matakan ɗaya bayan ɗaya. Ashe masu na'urorin ne suka canza sunan wani gurbi a bayanan da suke aikowa, ba su gaya wa kowa ba. Ta gyara, ta sake tayar da aikin. Jan da ke allon ya koma kore.

"Ya fita!" Ofis ya kaure da sowa.

Ta jingina da kujera, ta yi ajiyar zuciya. Sai wayarta ta yi ƙara. Ta duba tana murmushi, gargaɗin ne ya shigo mata.

"Ku bar gida yanzu. Ruwa ya doshi layinku."

Jaririnta na gida wajen Mama. Mama kuwa ba ta iya karatu ba.